Yadda na kori masu gadin cikina da hannuna

Shekara goma sha ɗaya ina da wata durowa a gefen gado wadda ba a taɓa jawo ta aka tarar babu kafso ba. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne: amoxicillin, ciprofloxacin, metronidazole, da wasu ragowa da kwalinsu ya ɓace tuntuni, sai dai in gane su da launi. Yara suna ce mata "asibitin Mama", ni kuwa sunan daɗi yake min, don a ganina shaidar uwa ta gari ce. Yaro ya yi atishawa sau biyu, in ɓallo masa. Maigida ya ce maƙogwaronsa na ƙaiƙayi, in miƙa masa da kofin ruwa. Ni kaina in cikina ya ɗan murɗa da dare ba na jiran gari ya waye. A sha kwana biyu ko uku, in an ji dama a ajiye sauran don gaba.

Kuma ni mace ce mai ƙyanƙyami, har na yi suna a dangi. Sabulun wankana sai mai kashe ƙwayoyin cuta, ruwan wankan ma sai na ɗiga masa magani. Kwalbar sanitaiza ba ta barin jakata. A tunanina jikin mutum mai tsafta kamar farantin da aka wanke aka kife ne, babu komai a kansa, duk wani abu mai rai da aka samu a jiki in ba ni ba to abokin gaba ne.

Ƙanwata da na girme ta da shekara shida ba ruwanta da wannan duka. Ba ƙazama ba ce, ko da yake na sha kiran ta da hakan, wani lokaci ma a gaban mutane. Tana wanke hannu, tana wanke kwano, amma 'ya'yanta su yi birgima a ƙasa ba ya ɗaga mata hankali. In na miƙa mata kafso sai ta ture hannuna tana dariya. "Yaya, mura ce fa. Baƙuwa ce, in ta gaji za ta tafi." Ina jin haushin wannan magana ƙwarai, musamman da yake murar tana tafiya ɗin.

Abin ya faro ne daga haƙori. Wani turmi ya ruɓe, dasashi ya kumbura, aka cire shi, likitan haƙori ya rubuta min clindamycin na mako guda. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ciwon yana bukatar maganin. Ya tambaye ni ko ina shan wani magani, na ce a'a. Ban yi niyyar ƙarya ba. Ciprofloxacin da na gama sha mako biyu kafin nan ban ɗauke shi a bakin abin da ake faɗa wa likita ba, kamar yadda mutum ba zai ce ya sha ruwa ba.

Kwana biyar da gama maganin gudawa ta fara. Ruwa tsagwaronsa, da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba, ga murɗa a mara kamar ana matse tsumma. Rana ta farko na zagaya sau shida, ta uku na daina ƙirgawa a goma sha huɗu. Sai na yi abin da na saba, na jawo durowa. Na ɗora ciprofloxacin a kai, na haɗa da ƙwayar tsayar da gudawa. Daga baya na gane cewa da gangan na so in ƙara wa kaina ciwon, da ba zan zaɓi abin da ya fi waɗannan biyun ba: ɗaya yana ƙarasa kashe 'yan tsirarun da suka rage masu kare ni, ɗaya kuma yana riƙe dafi a cikin hanji ya hana shi fita. A rana ta shida na tashi zan shiga banɗaki, ƙafafuna suka ƙi ɗauka ta. Maigida ne ya ciccibe ni zuwa mota.

Bayan an sa min ƙarin ruwa, likitar da ta karɓe ni, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta zauna a bakin gado ta ce, "Malama, ina so ki lissafo min duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya shiga cikinki a wata ukun nan. Duka, har wanda ba likita ne ya rubuta ba." Na fara inda-inda. Sai maigida ya ce bari ya je ya dawo. Ashe durowar ya je ya juye a leda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitar ta baje su a kan zanin gado ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi faɗa ba, ba ta ma ɗago ta kalle ni ba. Ta dai ce a kai bayan gidana ɗakin gwaji, a mai da ni ɗaki ni kaɗai.

Washegari sakamako ya fito da sunan wata ƙwayar cuta mai tsawo, Clostridioides difficile. Na tambaye ta a ina na kwaso wannan mugun abu, ni da ko marfin ƙofa ba na taɓawa ban goge hannu ba. Amsarta har yau tana kunnena. "Mai yiwuwa kin daɗe da haɗiye ta, mutane da yawa suna haɗiye ta ba ta yi musu komai. Ba ƙarfi ta fi ki ba. Gida ta tarar babu kowa." Ta ce hanjin mai lafiya cike yake maƙil da ƙwayoyi masu rai, sun mamaye ko'ina, sun cinye abincin da ke akwai, baƙo in ya zo ba ya samun wurin zama. Maganin da nake sha ba ya tambayar wace ce mai laifi, duk wadda ya tarar yana kashewa. Da gidan ya zama kango, sai wadda maganin bai iya kashewa ba ta shiga ta baje kolinta, tana fitar da dafi iri biyu da ke cin fatar hanji.

Sai ta ƙara da abin da ya fi ƙona min rai. Ta ɗauki kwalbar sanitaiza ta da ke kan teburi ta ce wannan ba ta yi wa ƙwayar komai. Idan ta fita daga jiki dunƙulewa take yi a cikin ɓawo mai tauri kamar iri, ta yi watanni a jikin ƙofa ko bokiti tana jira, sinadarin da ke cikin sanitaiza ba ya ratsa ɓawon. Sai sabulu da ruwa su wanke ta daga hannu, sai bilic ya kashe ta a ƙasa. Wato makamin da na fi taƙama da shi, a kan abin da ya kayar da ni bai da amfani.

Aka ɗora ni a kan vancomycin na sha, sau huɗu a rana har kwana goma. Wannan ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma shi ya tsamo ni, don haka kada wani ya karanta labarina ya ce na ce magani mugun abu ne. Na warke, na koma gida, na koma wurin aiki. Mako uku cif ciwon ya dawo. Aka sake kwana goma. Ya lafa, bayan kwana goma sha shida ya sake dawowa. A karo na uku aka ja maganin makonni ana rage shi sannu a hankali, nan ma da aka tsaya ba a yi wata ba sai ga shi. Dalilin a fili yake in mutum ya gane: vancomycin yana kashe ƙwayar da ke farke, ba ya taɓa wadda ta dunƙule, kuma shi ma yana ƙara share 'yan gida. Ana daina sha sai irin ya tsiro a filin da babu mai hana shi. Cikin wata biyar na zubar da kilo goma sha ɗaya. Na san inda kowane banɗaki yake a duk hanyar da nake bi. Na daina zuwa ko'ina in ba dole ba, kuma na daina rungumar autana, don tsoron kada in shafa masa.

A wannan zaman ne na shiga karatu. Ni akanta ce, lissafi ne sana'ata, abin da ba a sa masa lamba ba ba ya zama min a kai. To lambar da na fara cin karo da ita ta sa na ajiye waya na yi shiru. A 2016 wasu masana uku a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, Ron Sender da Shai Fuchs da Ron Milo, suka zauna suka yi lissafin mutum mai nauyin kilo 70. Suka samu ƙwayoyin halittar jikinsa na kansa kimanin tiriliyan 30, bakteriyar da ke zaune a jikinsa kuwa kimanin tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji. Nauyinsu gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba, saboda ƙanƙantarsu. Kafin nan an yi shekaru ana yaɗa cewa sun ninka mu sau goma, ashe wannan daga wani ƙiyasi ne na gaggawa da aka yi a 1972, kowa ya yi ta kwafa ba wanda ya sake bin lissafin. A matsayina na mai duba littafin kuɗi wannan bai ba ni mamaki ba, na sha ganin lamba ta yi shekaru tana yawo don kawai ba wanda ya tambayi asalinta. Amma ko da aka gyara, abin da ya rage ya ishe ni: in ƙidayar kai za a yi a jikina, ni da su kusan kunnen doki muke.

Na kuma karanta labarin wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda yake wasa gilashi da hannunsa yana ƙera madubin ƙara girman abu. A 1683 ya kankaro farin abin da ke maƙale tsakanin haƙoransa ya duba, ya ga ƙananan halittu suna iyo suna juyi, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan. Abin da ya ba ni dariya, karo na farko cikin makonni, shi ne mutumin ya fara ne da bayanin yadda yake goge haƙoransa da gishiri kowace safiya. Ɗan'uwana ne a ƙyanƙyami, ya riga ni gano gaskiya da shekara fiye da ɗari uku. Yau an san nau'in bakteriya kusan 700 da ke iya zama a bakin ɗan Adam.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba zaman banza suke yi ba. Na fara kallon su a matsayin 'yan haya, kuma masu biya a kan kari. Akwai ɓangaren abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar hatsi da zaren ganye da ɓawon wake. Yana wucewa ta tumbi da ƙaramin hanji yadda ya shiga, sai ya isa babban hanji su karɓe shi su ruɓar da shi. Daga nan suke fitar da wani sinadari da ake kira butyrate, wanda shi ne babban abincin fatar babban hanjin kanta. Wato bangon hanjina daga hannunsu yake ci. Suna kuma haɗa bitamin K da wasu daga cikin dangin bitamin B. Har ruwan maɗaciya da hanta ke zubowa suna sarrafa shi: a siffarsa ta farko yana tayar da irin wannan ƙwaya da ta addabe ni daga barci, amma in 'yan gida suna nan sai su juya shi zuwa wata siffa da ke hana ta girma. Da na kore su, ruwan cikina da kansa ya koma yana yi wa ɓarauniya ƙararrawar tashi.

Su ne kuma malaman garkuwar jiki. Masana suna kiwon ɓeraye a cikin akwatin da ba ƙwaya ko ɗaya tun daga haihuwa, irin tsaftar da na yi shekaru ina mafarki. Ɓerayen ba su fi sauran lafiya ba. Garkuwar jikinsu ba ta gama ginuwa, hanjinsu ba ya tashi daidai, cutar da ɓera na gari zai kakkaɓe sai ta kayar da su.

Akwai wani ɓangare da na daɗe ina tunanin ko in faɗa, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Shekaru ina fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri, ina ce masa ciwon sanyi, ina ɗora laifin a kan banɗakin wurin aiki. Duk ya tashi sai in ƙara wanke ciki da sabulu mai magani, in kuma ɓallo kafso. Da na gaya wa likitar sai ta tambaye ni yaushe yake tashi. Muka bi kwanaki, sai ga shi kusan kullum bayan na sha maganin wani abu ne daban. Ta ce a wannan wurin akwai masu gadi da ake kira Lactobacillus, suna fitar da tsami da ke hana wasu yaɗuwa. Akwai kuma wani nau'in yis, Candida, da ke zaune a jikin mata da yawa lafiya lau muddin an danne shi. Kafso yana kashe masu gadin, ba ya taɓa yis ɗin, don shi ba bakteriya ba ne. Wanke ciki da sabulu kuma yana ƙara kwashe su. Garin neman gira na yi ta rasa ido, shekara da shekaru, ina kuma yi wa kaina kirarin mai tsafta.

Sauran jiki ma haka yake, ko'ina da mazaunansa. Zufar hammata ba ta da wari lokacin da take fitowa, bakteriyar wurin ce ke cin ta ta fitar da warin. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana yawo da Staphylococcus aureus a hancinsa ba tare da ya sani ba, ita ce kuma in ta samu kafa ta shiga rauni take zama bala'i. Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna tana jawo gyambon ciki har aka ba su kyautar Nobel a 2005, tana cikin tumbin kusan rabin mutanen duniya, mafi yawansu kuma ba za su taɓa yin gyambon ba. Ita kanta wadda ta kwantar da ni, a 1935 aka fara gano ta, a bayan gidan jarirai masu ƙoshin lafiya, aka sa mata suna mai ma'anar "mai wuya" don ta yi wuyar rainawa a ɗakin gwaji. Sai a 1978 aka tabbatar ita ce ke jawo kumburin hanjin da ke biyo bayan shan magani, kuma clindamycin na cikin waɗanda aka fi kama ta da su tun lokacin. Na so a raba min su gida biyu, nagari da mugaye, in san wa zan kashe. Ba su rabu haka ba. Da yawa halinsu ya danganta ne da inda suke da kuma su wa ke kewaye da su.

Wanda ya sa ni kuka shi ne na nono. Cikin nonon uwa akwai wasu nau'o'in sukari masu yawa da jariri ba ya iya narkarwa ko kaɗan. Ba don shi aka zuba su ba, abincin wata bakteriya ce, Bifidobacterium, don ta riga kowa kama wuri a hanjinsa. Jikina da kansa yana dafa wa baƙin ɗana abinci, ni kuma a lokacin ina goge kan nono da magani kafin in ba shi. Yaro yana tattara mazauna cikinsa tun daga hanyar haihuwa, daga fatar uwa, daga duk abin da ya kai baki, har wajen shekara uku kafin su yi kama da na babba. A cikin waɗannan shekaru ukun sau nawa na jiƙa wa 'ya'yana maganin gari a kwalba don mura, wadda bairos ke kawowa, abin da maganin ba ya ko gani? Na yi ƙoƙarin ƙirgawa na bari.

Bayan dawowa ta uku likitar ta ce akwai wata hanya, amma in saurara har ta gama kafin in yamutsa fuska. Za a ɗauki bayan gidan mutum mai lafiya, a tace, a zuba a hanjina, don a mayar da mazaunan da na kora. Ban bari ta gama ba. Na ce gara in mutu. Ta ce to, amma in sani mutane suna mutuwa da wannan ciwon da gaske, ba a baki ba. Ta ba ni labari ba tare da ta matsa min ba. Wani likitan fiɗa a Denver ta Amurka, Ben Eiseman, ya yi wa marasa lafiya huɗu haka a 1958 suka tashi. A 2013 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amsterdam: cikin mutum 16 da aka yi wa dashen, 13 sun warke daga zubi na farko, biyu kuma a na biyu, alhali cikin 13 da aka ba vancomycin kaɗai huɗu ne suka warke. Tazarar ta yi yawa har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, don ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran. Na kwana ina juya 15 cikin 16 da 4 cikin 13. Ƙyama tana da ƙarfi, amma ni akanta ce.

Sai neman wanda zai bayar. Maigida ya ce shi, ba tare da ya yi tunani ba. Tambaya ta uku a takardar ita ce ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a watannin baya-bayan nan. Ya sha, wata biyu da suka wuce, ragowar da ya tarar a aljihun jakar tafiyarsa, wanda ni na sa masa da hannuna tun bara. Babbar 'yata ta isa, amma ita ma ta sha na kurajen fuska. Muka zauna muna kallon juna. Duk wanda ke ƙarƙashin kulawata bai cancanta ba.

Na yi kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin na kira ƙanwata. Na yi ta zagaye-zagaye, ta ce, "Yaya, ki faɗi abin da kike so mana, jini ne?" Na ce ba jini ba ne. Da na faɗa sai ta yi shiru, shirun da na ɗauka na ƙyama ne. Ashe dariya take dannewa. Ta ce, "Ni ƙazamar?" Sannan muryarta ta canza, ta ce gobe da safe tana hanya. Shekara huɗu rabonta da irin wannan magani.

Ba a karɓa haka kawai ba. An ɗebi jininta an duba cutar hanta da ƙanjamau da sauransu, an duba bayan gidanta ko akwai tsutsa ko ƙwayoyin da suka gagari magani, an yi mata tambayoyi har ta ce ko aikin soja za ta shiga. Wannan binciken shi ne rabin aikin, kuma ina faɗa ne don na san akwai masu karanta abu a intanet su ce za su gwada a gida. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan wasu marasa lafiya biyu masu raunin garkuwa sun kamu da ƙwayar E. coli mai jure magani ta wannan hanya, ɗaya ya rasu. A asibiti ke nan, inda aka tsallake gwaji ɗaya.

Ranar da aka yi, an wanke min ciki tun daren jiya, aka sa min allurar barci, aka zura na'ura mai kyamara ta ƙasa aka zuba. Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Na farka da kumburin ciki da yawan tusa, ƙanwata tana zaune a kujera tana danna waya kamar ba abin da ya faru. A kwana na uku na yi bayan gida irin na mutane, na farko cikin wata bakwai. Na tsaya ina kallonsa kamar wadda aka yi wa kyauta. Ban taɓa zaton zan rubuta wannan jimla a rayuwata ba. Aka ce in jira mako takwas kafin a ce an yi nasara. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a kalanda. Alhamdulillahi, shekara uku ke nan bai dawo ba.

Ban koma yadda nake a da ba, kuma ban sa ran haka ba. Wani bincike da aka yi a Denmak aka buga a 2018 ya bi maza 12 masu lafiya da aka ba magani mai ƙarfi iri uku na kwana huɗu kacal. Cikin wata ɗaya da rabi yawancin mazauna hanjinsu sun dawo, amma bayan wata shida akwai nau'i tara da kowa yake da su a da, waɗanda a yawancinsu ba a sake ganin su ba. Kwana huɗu ke nan. Ni shekara goma sha ɗaya na yi. Har yanzu cikina yana da saurin fushi, akwai abubuwan da nake ci da in na ci yanzu sai na ji a jikina.

Tun da labarina ya bazu a dangi ake ta turo min tallan ƙwayoyi da garin da aka ce suna ɗauke da "bakteriya masu amfani", wai suna gyara komai daga ƙiba har baƙin ciki. Ba na saya. Wanda ya yi shekaru yana sayen kafso don kashe abin da bai sani ba, bai kamata ya koma sayen kafso don shuka abin da bai sani ba. Kwalba mai nau'i biyu ko uku ba ta kama ƙafar ɗaruruwan da ke cikin hanjin mutum ɗaya ba. Ina dai ciyar da waɗanda aka ba ni da abin da suke so, ganye da wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba. Hannu kuwa ina wankewa fiye da da, da sabulu na gari da ruwa, bayan banɗaki da kafin abinci, don masu shigowa daga waje su kashe mutum suna nan ba su tafi ko'ina ba. Bara autana ya yi ciwon huhu, likita ya rubuta masa amoxicillin, na ba shi a kan lokaci har ranar da aka ce a tsaya, hannuna yana rawa amma na ba shi. Abin da na daina shi ne zama likitar gidana. Durowar yanzu caja da tsofaffin rasit ne a ciki.

Ƙanwata ba ta taɓa yi min gori a gaban mutane ba, ko sau ɗaya, ko da yake ni na yi mata. Amma in mu biyu ne a waya, bayan ta tambayi maigida da yara, takan rage murya ta ce, "Yaya, ya mutanena? Kina dai ba su abinci ko?" Makon jiya na ce mata suna nan lafiya, sai dai sun cika surutu da dare. Ta ce ai halin gidansu ne, in yi haƙuri da su.